Mararrabar Ipley: Inda Direba Ke Ganin Komai, Ban da Mai Keke

Duk wanda aka kai shi mararrabar Ipley a da, aka ce masa nan ne wurin da ya ci rayuka, zai ɗauka ɓatan hanya aka yi. Babu gini ko ɗaya a kusa. Babu katanga, babu shinge mai tsayi, babu motocin da aka ajiye a bakin titi, babu kwana mai tsanani. Fili ne fetal na ciyawa da ƙananan tsirrai, a yankin New Forest da ke gundumar Hampshire a kudancin Ingila, ba nisa da birnin Southampton. Hanyoyi biyu miƙaƙƙu ne suka gitta juna a tsakiyar filin. Direban da ya doso wurin yana hango ɗaya hanyar tun daga nesa, hagu da dama.

Amma a nan ne mota ta kashe wani mai keke a 2012. A watan Disamba na 2016 aka sake yin irinta, wani mai keken ya rasa ransa. Ban da waɗannan, an sha yin karo a wurin, wasu sun jikkata. Sau biyun da aka yi rashin, labarin kusan iri ɗaya ne: mai keke yana kan hanyar da ke da fifiko, direba ya fito daga hanyar da doka ta ce ya dakata ya ba da hanya, ya tsallake layin bai tsaya ba, ya kwashe shi. Duka direbobin biyu sun gurfana gaban kotu kan tuƙin sakaci da ya jawo asarar rai.

Da sau ɗaya abin ya faru, da sai a ce halin wani direba ne, a rufe magana. Amma mutum biyu daban, shekara huɗu tsakani, wuri ɗaya, kuskure ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza.

Yadda wurin yake

Abu uku ne suka haɗu a Ipley, kuma kowanne shi kaɗai ba ya kama da haɗari.

Na farko, hanyoyin ba su gitta juna a daidai ba. Mararraba da aka saba gani tana da kusurwa huɗu masu digiri 90 kowacce. Ta Ipley a wancan lokacin a karkace take, kusurwa biyu daga ciki matsattsu ne, kimanin digiri 69. A Birtaniya ana tuƙi a hannun hagu, sitiyari yana dama, kuma wannan matsattsiyar kusurwa tana faɗowa ne a hannun daman direban da ya kamata ya ba da hanya. Tun da layi biyu ne suka gitta juna, ko daga wane ɓangare direban ya fito, haka zai tarar da ita.

Na biyu, iyakar gudu. A hanyoyin New Forest da ba su da shinge, mil 40 a awa ne iyaka, wato kimanin kilomita 64. Ba don masu keke aka sa ta ba. Saboda dawakai da shanu da jakunan da ke kiwo a sake ne, suna hawa kwalta yadda suka ga dama. A wajen direba wannan ba gudu ba ne, tafiya ce ta natsuwa, kuma zuciyarsa tana gaya masa yana cikin doka.

Na ukun shi ne filin kansa. A mararrabar da gini ya tare, direba ba shi da zaɓi, dole ya rage gudu ya leƙa. A nan kuwa tun yana da saura mita ɗari da wani abu ya riga ya duba dama, ya duba hagu, ya ga wayam, ya yanke hukunci. Ƙafarsa ba ta bar totur ba. Alamar ba da hanya ba ta ce lallai ka tsaya ba, cewa ta yi ka bar wanda ke tafe ya wuce. In ba kowa tafe, doka ba ta hana ka zarcewa ba. To shi kuwa a ganinsa ba kowa.

Ginshiƙin gilashi

Kowace mota tana da ginshiƙai biyu da ke riƙe da gilashin gaba, su haɗe rufi da jikin mota. Mun saba da su har ba ma ganinsu. Ƙwaƙwalwa tana shafe su, tana cike gurbin da abin da ke kewaye, kamar yadda take shafe hancin mutum daga gabansa. Sai dai abin da ke bayan ginshiƙin ba ya isowa ido, komai yadda ƙwaƙwalwa ta yi ado da hoton.

Ginshiƙan motocin yanzu sun fi na da kauri, kuma da dalili. Ana so rufi ya jure in mota ta kife. A Amurka, dokar 2009 ta ninka ƙarfin da ake buƙata daga rufin ƙananan motoci, daga ninki ɗaya da rabi na nauyin motar zuwa ninki uku. A wasu motocin jakar iska ta gefe tana bi ta cikin ginshiƙin. An kuma kwantar da gilashin gaba don mota ta riƙa yanka iska, sai ginshiƙin ya yi tsawo ya karkace. Duk wannan kariya ce ga wanda ke cikin mota. Wanda ke waje shi ya biya kuɗin.

Ƙa'idar da ƙasashen Turai ke bi ta ce kada kowane ginshiƙi ya tare wa direba fiye da digiri 6. A takarda ba wani abu ba ne. Miƙa hannunka gaba sosai, ka haɗe yatsu uku na tsakiya, ka rufe ido ɗaya: abin da yatsun suka tare kusan digiri 5 ne. Yanzu ka dube su a kan wani abu mai nisa, za ka ga sun haɗiye gida sukutum. A nisan mita 100, digiri 6 yana rufe faɗin da ya haura mita 10. Keke bai cika mita biyu ba.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. A yawancin lokuta ginshiƙin ba ya ɓoye abu na tsawon lokaci, domin mota tana tafiya, abin ma yana tafiya, cikin ƙiftawar ido ya fito ta wannan gefe ko wancan. Matsalar tana zuwa ne a yanayi guda: idan abin nan biyu za su isa wuri ɗaya a lokaci ɗaya.

Abin da matuƙan jirgin ruwa suka daɗe da sani

Matuƙin jirgin ruwa in ya hango wani jirgi, ba girmansa yake fara dubawa ba. Yana auna ta wace kusurwa yake, ya jira kaɗan, ya sake aunawa. Idan kusurwar ta canja, ɗaya zai wuce gaban ɗaya. Idan ba ta canja ba alhali jirgin yana ƙara matsowa, to karo ne ke tafe. Dokokin kauce wa karo a teku na 1972 sun rubuta wannan ƙarara a doka ta 7. Matuƙan jirgin sama ma ana koya musu cewa jirgin da ya fi haɗari shi ne wanda ya tsaya cak a wuri ɗaya a gilashi, kamar ƙuda da ya mutu a kai.

Lissafin ba shi da wuya. Mota, keke da tsakiyar mararraba sun yi siffa mai kusurwa uku. Muddin kowannensu yana tafiya da gudunsa bai canja ba, kuma tare za su isa, siffar tana ƙanƙancewa ne kawai, kusurwoyinta ba sa motsi. Ma'ana, in mai keke yana digiri 20 daga gaban direba tun daga nesa, a digiri 20 zai zauna har a yi karo. In kuwa a daidai nan ginshiƙin yake, to a bayansa zai yi tafiyar duka.

A farkon 2018 wani marubuci mai bibiyar haɗurran masu keke ya ɗora wannan lissafi a kan taswirar Ipley, ya nuna yadda ya zauna daram. Bari mu sake yin sa da lambobi masu sauƙi. Mu ɗauka ginshiƙin da ke kusa da direba yana kimanin digiri 20 daga inda motar ta dosa. Kusurwar mararraba 69. Abin da ya rage wa kusurwa ta uku, wadda ke wajen mai keke, shi ne 91. Da waɗannan lambobi, nisan mota daga mararraba zai kasance kusan ninki uku na nisan keke. Wato tarkon yana ɗanuwa ne idan gudun mota ya ninka na keke sau uku. Mota tana kilomita 64 a awa, kashi ɗaya cikin uku na wannan shi ne 21 zuwa 22. Wannan kuwa shi ne gudun mai keke lafiyayye a shimfiɗaɗɗiyar hanya, ba tsere yake ba, ba kuma yawon shan iska ba. Ba a buƙatar mahaukacin direba. Mai bin iyakar gudu daidai shi ne ya fi dacewa da tarkon.

Mu shiga motar mu ƙirga daƙiƙoƙi. Tana cin kimanin mita 18 a kowace daƙiƙa, keke yana cin 6.

Saura daƙiƙa goma: mota tana mita 180 daga mararraba, keke yana mita 60. Direba ya ɗaga ido ya share filin da kallo. Inuwar ginshiƙin a kan waccan hanya ta kai faɗin mita 17, motar safa ma za ta iya ɓuya a ciki. Ya ga ciyawa, ya ga sararin sama, wataƙila ya ga doki yana kiwo. Ba kowa.

Saura biyar: mota tana mita 90. Inuwar ta ragu zuwa kamar mita 9. Ya sake kai ido dama ba tare da ya motsa kansa daga jikin kujera ba. Abin da ya gani ɗazu ya sake gani, sai ya ƙara sakankancewa.

Saura biyu: mita 36. Wannan lamba tana da muhimmanci, domin littafin dokokin hanya na Birtaniya ya ce mota mai gudun mil 40 tana buƙatar mita 36 kafin ta tsaya, 12 na tunani, 24 na birki, a busasshiyar kwalta. Daga nan gaba ko ya gani, ya makara. Kuma bai gani ba, don inuwar har yanzu ta kai mita uku da rabi.

Saura ɗaya: mita 18. Yanzu ne inuwar ta ƙanƙance ta zo daidai tsawon keke, tayar gaba ta fara leƙowa. Kafin ƙafa ta tashi daga totur ta sauka a birki, an gama.

Shi kuma mai keken fa? Ka tuna kusurwar nan ta 91. Motar ba a gabansa take ba, tana daidai kafaɗarsa, har ta ɗan koma baya. Mutumin da ya sunkuya a kan keke yana kallon kwalta, iska tana kaɗa masa kunne, ba zai gan ta ba sai ya juya kai sosai. Ko da ya juya ya gan ta, me zai yi tunani? Hanya tasa ce, rana tsaka, fili buɗe, ga shi a sarari. Duk mai hankali zai ɗauka direba ya gan shi, yanzu zai rage gudu. Karkatar mararrabar nan ta makantar da mutum biyu a lokaci guda.

Akwai ƙari. Ko babu ginshiƙi, idon ɗan Adam ba gwani ba ne wajen kama abin da ba ya motsi. Tsakiyar ido ce ke tantance siffa, wutsiyar ido kuwa motsi take kamawa. Abin da ke tafe don karo da kai ba ya gittawa, yana wuri ɗaya, girma kawai yake yi, kuma girman a hankali yake zuwa, sai a daƙiƙar ƙarshe ya cika gilashi farat ɗaya. Japanawa sun san wannan sosai, har suka sa wa irin haɗarin sunan Tokachi, wani yankin gonaki mai shimfiɗe a tsibirin Hokkaido, inda motoci ke karo da rana a mararrabar da ake hango juna daga nesa. Ɗaya daga cikin dabarunsu shi ne jera tukwanen shuka ko bishiyoyi a gefen hanya, ta yadda motar da ke tafe za ta riƙa ɓacewa tana bayyana, wutsiyar ido ta farga.

Laifin wa?

A nan mutane suka rabu, kuma kowane ɓangare yana da abin riƙo. Wasu sun ce duk wannan lissafi neman wa direba mafita ne. Akwai alama, akwai layi a ƙasa, an ce ka ba da hanya. Da ya rage gudu, da lissafin ya wargaje nan take, domin da zarar gudun mota ya canja, kusurwar ta canja, mai keke ya fito fili. Da ya ɗan gyaɗa kansa gaba da baya kamar yadda malaman tuƙi ke koyarwa, da ya gani. Wannan gaskiya ne, kuma kotu ba ta karɓi ginshiƙi a matsayin uzuri ba. Ni ma ban ga dalilin da zai sa ta karɓa ba. Wanda ya shiga mararraba da gudun mil 40 bisa dogaro da kallon da ya yi tun daga nesa, caca ya yi da ran wani.

Sai dai hukunci yana kallon baya ne, yana tambayar wa ya yi. Injiniyan hanya gaba yake kallo, yana tambayar sau nawa za a sake yi. Motoci masu yawa suna bi ta wurin kullum. Mafi yawan direbobin da suka zarce ba su tsaya ba sun isa gida lafiya, don babu kowa a bayan ginshiƙinsu. Kowace irin wannan wucewa tana koya musu cewa dabararsu daidai ce. Wanda ke bin hanyar safe da yamma zuwa aiki, sau ɗari biyar ya duba ya ga ba kowa, kuma da gaske ba kowa. Ranar ɗari biyar da ɗaya ba ta da wata alama da ta bambanta ta da sauran. An hukunta direban 2012, hukuncin bai hana 2016 ba. Tunanin da ƙasar Suwidin ta mayar doka a 1997 ke nan: tun da an san mutum zai yi kuskure, wanda ya zana hanya yana da rabonsa na alhaki in kuskuren ya zama kisa.

Gyaran da bai yi ba

Abin da hukuma ta fara yi shi ne abin da kowace hukuma ke fara yi, wato fenti da alluna. Bayan rashin 2016 aka cire alamar ba da hanya aka kafa ta tsayawa, jar nan mai kusurwa takwas. A Birtaniya wannan alama ba ta da yawa. Ƙa'idarsu ita ce a kafa ta a inda gani ya toshe ƙwarai, inda direba ba zai iya sanin me ke tafe ba sai ya tsaya cak a kan layi. Ga shi an kafa ta a wurin da ake hango komai. A doka ta yi daidai, domin in kowa zai tsaya, matsala ta ƙare. Amma allo yana cewa tsaya, ido yana cewa ba kowa, kuma direba idonsa ya fi yarda da shi. A 2020 Tom Scott, mai shirya bidiyoyin ilimi a YouTube, ya je wurin da kyamara, aka ga motoci suna tsallake layin ba su tsaya ba, wasu ko rage gudun kirki ba su yi ba. Miliyoyin mutane sun kalli bidiyon, sunan Ipley ya zaga duniya.

Wani zai ce to a ƙara buɗe wurin, a sare ɗan abin da ya rage na tsiro. Wannan shi ne maganin da aka saba, kuma a wurare da yawa shi ne daidai. Littafin dokokin hanya na Birtaniya ya ce kada a ajiye mota cikin mita 10 daga mahaɗar hanya. Garin Hoboken a jihar New Jersey ta Amurka ya yi suna wajen kafa turaku a bakin mararraba don hana motoci tsayawa su tare gani, kuma ya shafe shekaru a jere tun daga 2017 ba a kashe kowa a titunansa ba. Amma can matsalar ita ce yaro ya fito daga bayan motar da aka ajiye. A Ipley babu abin sarewa. Abin da ke tare gani yana cikin motar, yana tafiya tare da direba.

Injiniyoyin Birtaniya ma sun san yawan gani yana iya zama illa. Littafin zanen titunan unguwa da suka fitar a 2007 ya ginu ne a kan binciken da ya nuna cewa in aka buɗe wa direba gaba, gudu yake ƙarawa. Ƙa'idarsu ta gina shataletale ta yarda a kafa abin da zai tare wa direba hango dama har sai ya zo kamar mita 15 daga layi, don kada ya shigo a guje. Da jin farko abin kamar wauta, a toshe wa mutum ido don a kare shi. Amma abin da ake so daga direba ba ya hango da wuri ba ne. Ana so ya duba a lokacin da dubawar za ta yi amfani, yana tafiya da gudun da zai iya tsayawa.

Gyaran da aka yi

Shawarar da ta tsaya a ƙarshe ita ce a kashe mararrabar kanta. A ɗauke reshe ɗaya na hanyar da ke ba da hanya, a kawar da shi gefe, ta yadda ba zai fuskanci ɗan'uwansa ba. Maimakon gicciye guda, sai a sami mahaɗa biyu masu reshe uku-uku, da ɗan tazara a tsakani. Wanda zai tsallaka dole ya karya kwana ya hau hanya mai fifiko, ya ɗan taɓa tafiya, ya sake karya kwana ya sauka.

Injiniyoyi suna ƙirga wuraren da hanyar mota ɗaya za ta iya cin karo da ta wata. Mararraba mai reshe huɗu tana da 32. Mai reshe uku tana da 9, biyu sun zama 18. Shataletale yana da 8. Raguwar lambar tana da kyau, amma a ganina ba ita ce cibiyar maganar ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne babu sauran miƙaƙƙiyar kwalta a gaban direba. Ba a roƙonsa ya rage gudu, ba a yi masa barazanar tara. In bai rage ba, cikin ciyawa zai tsinci kansa, kuma wannan ko wanda hankalinsa ke kan rediyo yana ganewa. Sabon reshen kuma ana kawo shi ya haɗu da hanyar a tsaye, ba a karkace ba, don haka kusurwar 69 ta tafi a wannan ɓangaren.

Me ya sa aka daɗe? Ba don shawarar tana da wuyar fahimta ba. New Forest ba filin da hukumar hanya za ta shigo da katafila ta fara haƙa ba ne. Tun zamanin Sarki William na farko, wajajen 1079, aka keɓe shi, ya zama gandun ƙasa a 2005, kuma dokokin kare muhalli na gida da na ƙasa da ƙasa sun rufe yawancinsa. Mutanen yankin suna da tsohon haƙƙin kiwo a cikinsa, akwai kuma wata tsohuwar kotu, ta Verderers, da ke tsaron wannan haƙƙi, wadda sai da yardarta ake taɓa filin kiwo. Majalisar gundumar Hampshire ce mai hanya, amma ƙasar da ke gefen hanyar ba tata ba ce. Kowane taku na ciyawa da za a rufe da kwalta sai an yi shawara a kansa. Wannan ma na cikin abin da ya sa shataletale, wanda ya fi cin fili, bai dace da wurin ba. Ba na ganin laifin masu kare dajin, aikinsu suke yi. Amma kusan shekara biyar ce ta shige tsakanin rashi na biyu da zuwan ma'aikata, kuma a duk tsawon lokacin masu keke suna bin hanyar, lissafin nan yana nan yadda yake.

Sabon tsarin bai mayar da wurin aljanna ba. Mai keke yanzu yana wuce bakin hanya biyu maimakon ɗaya, kuma motar da ta hau hanyarsa don tsallakawa tana tafiya tare da shi na ɗan lokaci kafin ta sake juyawa. Ginshiƙin gilashi yana nan a kowace mota, direban da ke gaggawa yana nan. Za a iya yin karo. Abin da ya canja shi ne irin karon da gudun da za a yi shi. Motar da za ta karya kwana tana saukowa zuwa kilomita 20 ko ƙasa da haka a awa, kuma tun daga nesa take fara ragewa. A daƙiƙoƙin nan goma da muka ƙirga, gudunta ba ya zama ɗaya ko na daƙiƙa biyu a jere. Ninki uku ya koma biyu, ya koma ɗaya, kusurwar tana buɗewa, mai keke yana zamewa daga bayan ginshiƙi zuwa gilashin ƙofa tun motar tana da sauran filin taka birki. A bakin layin kuma direba yana juya wuyansa, don wanda zai shiga kwana dole ya dubi inda zai shiga.